Ina Aka Yarda a Sha Sigari Idan Mutum Ya Baƙunci Wani Birni?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Sabon Garin Zariya, kuma ina shan sigari. Ina shirin fita waje saro kaya, zan bi ta Legas, daga baya kuma ina da niyyar yin Umara. Abokin tafiyata yana fama da asma. An ce mini a manyan birane an hana shan sigari a gidajen abinci da mashaya, har ana cin mutum tara. Shin gaskiya ne, kuma ta yaya baƙo zai gane inda aka yarda da inda aka hana?

Amsa: Malam, abin da aka gaya maka gaskiya ne, kuma yana da kyau da ka yi tambayar tun kafin ka ɗaure kaya. A mafi yawan manyan biranen da mutanenmu ke zuwa saro kaya ko neman magani ko karatu ko ibada, an haramta kunna sigari a cikin gidan abinci, kuma a da yawa daga cikinsu haramcin ya haɗa da mashaya da gidajen rawa da zauren karɓar baƙi na otal. Inda ƙasashe suka sha bamban shi ne kan abin da ya shafi waje, wato teburan da ake jerawa a baranda ko bakin titi, da bakin ƙofa, da kan titin kansa. Na yi aikin duba-gari, na kuma koyar da kiwon lafiyar al'umma a nan Zariya, saboda haka zan amsa maka ta fuskar yadda aka gina waɗannan dokoki, domin wanda ya gane ginin zai iya tafiyar da kansa a kowane birni ko da bai haddace tarar kowace ƙasa ba.

Bari mu fara daga gida, tun da tambayarka ta nuna kana ɗaukar wannan doka a matsayin abin ƙasashen waje, alhali kuwa tana nan a Najeriya fiye da shekara 30. A 1990, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, lokacin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, an kafa dokar soja da ta hana shan sigari a gidajen silima da ofisoshi da asibitoci da makarantu da motocin haya. Waccan dokar ba ta taɓo gidajen abinci da mashaya ba, kuma tarar da ta yanka ba ta wuce naira 1,000 ba. A 2005 Najeriya ta amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taƙaita shan taba, sai kuma a ƙarshen watan Mayu na 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan sabuwar dokar ƙasa, kwanaki kaɗan kafin ya miƙa mulki. Ƙa'idojin aiwatar da ita sun samu amincewar Majalisar Tarayya a 2019. Wannan dokar ce ke aiki a yau, kuma tana aiki a Zariya kamar yadda take aiki a Abuja.

Abin da ta tanada ya fi yadda mutane ke zato tsauri. Ta hana shan sigari a cikin wuraren taruwar jama'a da wuraren aiki, sai dai a keɓaɓɓen ɓangaren da aka ware bisa sharuɗɗa, kuma inda ba a iya cika sharuɗɗan ba, to dukkan wurin ya haramta. Ta hana shi a motocin haya da tashoshin mota da filayen wasa da wuraren shaƙatawa, haka nan a harabar asibiti da makaranta da wurin renon yara. Ta kuma ambaci gidajen abinci da mashaya da duk inda ake sayar da abin ci ko abin sha, ko da a fili ne ba rufi. Wanda ya karya ta yana fuskantar tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun, mai wurin da ya ƙyale aka sha kuwa hukuncinsa ya fi haka nauyi. Dokar ta haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma haramta sayar da sigari kara-kara, sai dai kwali guda mai kara 20.

Na san za ka yi murmushi a nan, domin kai da ni mun san abin da ke faruwa a teburin mai shayi a Kwangila ko PZ a nan Zariya bayan sallar isha. Mai tebur yana gefe da kwalayen sigari a buɗe tsakanin goro da alewa, direba ya miƙa canji ya zari kara ɗaya, ya kunna da laitar da aka ɗaure da zare a jikin teburin don kada wani ya wuce da ita, sannan ya koma kan benci yana busawa yana jiran a soya masa ƙwai. A cikin minti ɗaya an karya dokar sau biyu, wajen sayarwa da wajen sha, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ya san ya yi laifi. 'Yan sanda da jami'an duba-gari suna da hurumin tabbatar da dokar, amma aikin bai samu kuɗi da horo da wayar da kan da yake bukata ba, shi ya sa da wuya ka ji an gurfanar da wani a kanta.

Duk da haka, gidajen abinci a Zariya ba su cika hayaƙi ba, kuma dalilin ba doka ba ne. Wannan gari ya daɗe da sanin taba, domin tun 1959 aka buɗe masana'antar sigari a nan, manoman ƙauyukan kewaye kuma sun yi shekaru suna noma mata ganye. Amma duk da wannan sabo, sigari bai taɓa zama abin da ake kunnawa a gaban kowa ba. Saurayi a Birni ko Tudun Wada, idan ya hango dattijo ya nufo majalisarsu, sai ya dunƙule karan a cikin tafin hannu ya mayar baya, ya gaishe shi a haka yana riƙe numfashi har ya wuce. Ba a sha a gaban uba, ba a sha a gaban suruki, ba a sha a gaban malami, kuma ba wanda zai kunna a gidan tuwo alhali manya na cin abinci. Kunya ce ke yin aikin da doka ke yi a wasu wurare, kuma sau da yawa tana yin sa fiye da yadda ɗan sanda zai iya.

A nan ne baƙo daga ƙasar Hausa yake yin kuskure idan ya fita. Mai shan sigari a Zariya ya saba ya duba wa ke wurin kafin ya kunna. A biranen da za ka je, abin da ake dubawa shi ne wane irin wuri ne. Gidan abinci a Landan ko Istambul haramtacce ne ko da ƙarfe biyun dare ne, ko da kai kaɗai ne a ciki, ko da taga a buɗe take, ko da mutumin da ke teburin kusa ya ce bai damu ba. Yardar na kusa da kai ba ta halatta komai, domin ba shi dokar ta fi nufi ba. An yi ta ne domin ma'aikacin da ke wuni ko kwana a cikin wannan iska, wanda ba shi da zaɓin tashi ya fita. Wannan shi ne mutumin da kunyarmu ba ta karewa, domin ana jin nauyin dattijo amma ba a jin nauyin yaron mai shayi, ko yarinyar da ke kai kwalabe a mashayar Sabon Gari ko kasuwar bariki. Binciken ƙasa da aka yi a 2012 ya gano cewa kashi 5.6 cikin 100 ne kawai na manya a Najeriya ke amfani da taba, amma kusan uku cikin goma na masu shiga gidajen abinci sun shaƙi hayaƙin wasu a can, a mashaya da gidajen rawa kuwa kimanin takwas cikin goma. 'Yan kaɗan ke sha, jama'a da yawa ke shaƙa.

Hujjar likitoci a kan haka ba ta da rauni. Hayaƙin sigari yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kuma kimanin 70 daga cikinsu an tabbatar suna haddasa ciwon daji. A 1981 wani likita ɗan Japan mai suna Takeshi Hirayama ya nuna cewa matan da ba sa shan sigari amma mazajensu na sha sun fi kamuwa da ciwon dajin huhu fiye da waɗanda mazajensu ba sa sha. Rahoton babban likitan gwamnatin Amurka na 2006 ya ƙiyasta cewa zama cikin hayaƙin wasu a gida ko wurin aiki yana ƙara haɗarin ciwon zuciya da kashi 25 zuwa 30 cikin 100. Da Sikotlan ta kafa dokarta a watan Maris na 2006, binciken da aka yi a asibitoci tara ya nuna cewa masu kwanciya saboda bugun zuciya sun ragu da kashi 17 cikin 100, kuma mafi yawan raguwar a tsakanin waɗanda ba sa shan sigari aka same ta. Kafin a kai ga haramci baki ɗaya, ƙasashe da yawa sun gwada raba zaure gida biyu, ɓangaren masu sha da na waɗanda ba sa sha, amma abin bai yi aiki ba. Duk wanda aka taɓa kunna turaren wuta a uwar ɗakin gidansu ya san ƙamshin ba ya tsayawa a bakin labule, har zaure yake kaiwa. Fanka da na'urar sanyaya ɗaki suna rage wari ne kawai, ba sa cire ƙananan ƙwayoyin da ke shiga huhu. A ganina, damar da dokarmu ta bayar ta ware ɓangaren masu sha a cikin gini ita ce babban rauninta, ko da yake sharuɗɗan da aka gindaya daga baya sun ɗan toshe ɓarakar.

Zangonka na farko Legas ne, kuma ita tana da dokar kanta ta jiha, wadda Gwamna Babatunde Fashola ya sa wa hannu a 2014. Ta hana shan sigari a gidajen abinci da manyan kantuna da motocin haya da sauran wuraren jama'a, amma ta bar wa mashaya da gidajen rawa da otal-otal damar ware wani ɗan ɓangare da bai wuce kashi 10 cikin 100 na wurin ba. Tarar laifin farko tana farawa daga naira 10,000, mai wurin da bai kafa alamar hani ba kuwa tasa ta kai naira 100,000. Abuja ma ta ayyana haramci a wuraren jama'a tun 2008. A manyan gidajen abinci da otal-otal na waɗannan birane biyu za ka tarar ana bin dokar, a ƙananan wurare na unguwa kuwa abin bai bambanta da na Kwangila ba.

Ka lura da wannan rata tsakanin tarar mai sha da tarar mai wuri, domin ita ce ke sa dokar ta yi aiki a inda take aiki. Ayilan ce ƙasar farko da ta haramta shan sigari a dukkan wuraren aiki har da mashaya, a ranar 29 ga Maris 2004, Ingila kuma ta bi sahu a ranar 1 ga Yuli 2007. A Ingila wanda aka kama yana sha a inda aka hana ana yanka masa fam 50, amma mai wurin da ya kasa hana shi yana iya biyan har fam 2,500. Saboda haka ba ɗan sanda za ka fara gani ba. Kafin ka kai zuƙa ta biyu ma'aikacin da ke kawo abinci ya iso kanka, idan ka yi gardama manaja ya fito, idan ka ci gaba a raka ka waje. Kada ka ɗauki wannan a matsayin wulaƙanci ko wariyar launin fata, domin lasisinsu da aljihunsu suke karewa, kuma haka za su yi wa ɗan garin. Dokar Ingila ta kuma fayyace abin da ake nufi da cikin gini, ta ce duk wurin da ke da rufi, kuma fiye da rabin kewayensa a rufe yake, to ciki ne, ko da tanti ne ko rumfa. Shi ya sa za ka ga mutane tsaye a bakin ƙofar mashaya cikin tsananin hunturu, kowa ya ɗaga wuyan kwat, kusa da wani ɗan akwatin ƙarfe da aka kafe a bango domin kashe guntun sigari. Ka yi amfani da akwatin nan, domin a yawancin unguwannin Landan tarar yar da guntu a ƙasa ta fi tarar shan sigarin a cikin gidan abinci.

Sauran ƙasashen Turai sun yi tarayya a kan cikin gini, sun rabu a kan waje. Faransa ta hana a gidajen abinci da na shan gahawa tun Janairun 2008, a Yulin 2025 ta ƙara da wuraren shaƙatawa da bakin teku da tashoshin bas, amma ta bar teburan baranda. Suwidin ta hana har a teburan waje tun 2019. A Jamus kowace jiha da dokarta, ta yadda jihar Bavaria ta haramta baki ɗaya bayan ƙuri'ar raba gardama a 2010, alhali a Balin akwai ƙananan mashaya da har yanzu ake sha a ciki. Turkiyya, wadda 'yan kasuwarmu ke yawan zuwa saro tufafi, ta shigar da gidajen abinci da na shayi cikin haramcin a Yulin 2009, ko da yake za ka ga wasu masu wurare suna wayo da rufin da ake zugewa.

Game da Umara, ka ɗauka cewa a can ne za ka fi takura. Tun zamanin Sarki Fahad aka ayyana Makka da Madina a matsayin biranen da ba a yarda da taba ba, kuma ba a sayar da sigari a kewayen Harami, sai mutum ya yi nisa kafin ya samu. A 2012 hukumomin Saudiyya sun faɗaɗa haramcin zuwa gine-ginen gwamnati da gidajen abinci da na gahawa da manyan kantuna a duk ƙasar, kuma tarar da aka saba yankawa riyal 200 ce, har a filayen jirgin sama in ba a ɗakin da aka ware ba. Batun mashaya bai taso ba a can. Idan tafiyar ta faɗo cikin watan azumi, shan sigari a bainar jama'a da rana laifi ne na daban, ko da mutum yana da uzurin matafiyi. Za ka iya ganin wasu alhazai suna laɓewa a bayan otal suna sha, amma ganin wani ya yi bai mayar da abin halal a doka ba, kuma baƙon da bai iya Larabci ba shi ne ya fi shan wahalar fitar da kansa idan aka tsare shi. Dubai ta fi sassauci ta wani ɓangaren, domin akwai mashayar otal da gidajen shisha masu lasisi da ake sha a ciki, amma manyan kantuna da jirgin ƙasa da ofisoshin gwamnati a hane suke, kuma dokar ƙasar ta 2009 ta hana shan sigari a mota idan akwai yaron da bai kai shekara 12 ba. A Alkahira dokar tana nan a rubuce, amma hayaƙin shisha ya cika gidajen gahawa, wanda hakan ya fi shafar abokin tafiyarka fiye da kai.

Idan kasuwancin ya kai ku gabas, to a Chaina kowane birni da tsarinsa. Bejin ta haramta sha a cikin duk ginin jama'a a Yunin 2015, da tarar da ke kai yuwan 200 ga mai sha da yuwan 10,000 ga mai wuri, Shanghai kuma ta yi irin haka a Maris 2017. A Guangzhou, inda mutanenmu suka fi yawa, za ka iya shiga ƙaramin gidan abinci ka tarar da hayaƙi, kuma miƙa wa baƙo sigari yana cikin al'adar ciniki a can, kamar yadda ƙin karɓa cikin ladabi ba laifi ba ne. Indiya ta hana tun 2 ga Oktoba 2008, sai dai gidan abinci mai kujeru 30 ko fiye yana iya ware ɗaki. Maleshiya tun farkon 2019 ta hana a duk inda ake cin abinci, har da teburan fili na gefen titi, kuma sai mutum ya ja da baya aƙalla mita uku kafin ya kunna. Akwai ma biranen da lissafin ya juye. A tsakiyar Nairobi ba a yarda ka sha a kan titi ba sai a 'yan wuraren da hukuma ta ware, haka kuma a unguwanni da yawa na Tokyo, inda ake shiga wani ɗan keɓaɓɓen shinge a sha a fito. Wanda ya haddace cewa waje halal ne ciki haram, a irin waɗannan wurare zai faɗa hannu.

Shisha da sigarin lantarki suna bukatar magana ta musamman, domin matasanmu, musamman a unguwannin Samaru da Kongo na Zariya inda ɗalibai suka yi yawa, suna ɗaukar su kamar ba taba ba ne. A idon doka kusan ko'ina shisha taba ce, kuma duk inda aka hana sigari an hana ta. Kenya da Ruwanda sun haramta ta kwata-kwata a ƙarshen 2017, Habasha ma ta haramta cinikinta a dokarta ta 2019, kuma da yawa daga matafiyanmu ta Nairobi ko Adis Ababa suke ya da zango. Ruwan da ke cikin tukunyar ba ya tace guba, gawayin da ake ɗorawa a kai kuwa yana fitar da irin iskar nan mai kisa da ke fita daga janareta. Sigarin lantarki ya fi haɗari ga matafiyi, domin a wasu ƙasashe riƙe shi kaɗai laifi ne. Indiya ta haramta shigo da shi da sayar da shi a 2019, Tailan ta hana shigo da shi, a Singafo kuwa samunsa a jakarka yana jawo tara mai nauyi. Idan kana da shi, ka bar shi a Zariya.

A aikace, abin da zan ba ka shawara ka riƙe shi ne ka ɗauki duk wurin da ke da rufi a matsayin haramtacce har sai mai wurin ya ce maka akasin haka, sannan ka ɗauki waje a matsayin abin tambaya. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido, kuma a wannan batu wanda zai yi maka jagora shi ne ma'aikacin wurin, tun da shi ne tarar za ta fi ci, shi ya fi kowa sanin iyakar. Alamar karan sigari a cikin jan da'ira da aka ja wa layi iri ɗaya ce a duk duniya, ba ta bukatar sanin harshe, amma rashin ganinta ba izini ba ne. Farantin zuba toka a kan teburin waje alama ce mai kyau cewa an yarda, rashinsa kuma yana nufin ka tambaya. Ka nisanci bakin ƙofa da tagogi ko da a waje kake, domin ƙasashe da yawa sun yanka tazarar da za a bari.

Ɗakin otal shi ne inda na fi ganin mutanenmu suna asarar kuɗi. Mutum yana ganin ya biya kuɗin ɗaki, saboda haka ɗakin nasa ne, sai ya shiga banɗaki ya kunna fanka ya sha. Warin yana kama labule da katifa, mai shara tana shiga da safe ta kai rahoto, sai a cire kuɗin wanke ɗaki daga ajiyar da ya bari ko daga katinsa, kuma kuɗin yakan fi na kwana ɗaya. Idan kuma na'urar jin hayaƙi ta yi ƙara aka fito da baƙi cikin dare, lissafin ya wuce nan. Ka tambaya tun a wurin karɓar baƙi ko suna da ɗakin masu sha ko wurin da suka ware a waje. Jirgin sama kuwa babu sassauci a cikinsa ko kaɗan, banɗakinsa yana da na'urar jin hayaƙi, kuma wanda ya sha ko ya taɓa na'urar 'yan sanda ne za su tarbe shi a ƙofar jirgi. Filayen jirgi da yawa sun rufe ɗakunan shan sigarinsu, saboda haka tsakanin shiga fili da fita a ɗaya ƙasar kana iya yin sa'o'i fiye da goma ba ka sha ba. Idan ka san ba za ka jure ba, ka ga likita ko mai kantin magani kafin tafiya a ba ka cingam ko filastar nikotin, waɗanda aka yarda da su a jirgi. Ba ka tambaye ni batun dainawa ba, amma na ga waɗanda tafiyar Umara ta zame musu mafarin rabuwa da sigari, kuma waɗannan magunguna su ne dai ake ba mai son dainawa.

Idan ƙaddara ta sa aka yanka maka tara, ka nemi a nuna maka katin shaida, ka karɓi takardar tara, ka biya ta hanyar da aka rubuta a jikinta, ka adana rasit. Kada ka kuskura ka miƙa wa jami'i na goro, domin a Dubai ko Singafo ko Saudiyya wannan laifi ne da ya ninka na sigarin nesa ba kusa ba, kuma yana iya kai mutum kurkuku ko a hana shi sake shiga ƙasar.

Saura abokin tafiyarka. A gare shi shawarar ta juye, domin a ƙasashen da dokar ke aiki cikin gidan abinci ya fi baranda tsabtar iska, tun da duk masu sha an tura su waje, kuma bakin ƙofa shi ne wuri mafi hayaƙi a duk ginin. Ku zauna ciki, nesa da ƙofa. A Alkahira da Guangzhou da ƙananan wuraren Legas kuwa gara ya leƙa ya shinshina kafin ku zauna, idan ya ji wari ku sauya wuri. Ya nemi ɗakin otal a hawan da ba a shan sigari, ya kuma riƙe maganinsa na shaƙa a aljihu ko jakar hannu tare da takardar likita, kada ya sa shi cikin kayan da za a auna a tura ƙarƙashin jirgi. Ya kamata kuma ka san cewa fita waje da za ka yi ka sha ba ta gama kare shi ba, domin hayaƙin yana maƙalewa a riga da hula da hannu, kuma ga mai asma wannan kaɗai yana iya tayar da tari da sarƙewar numfashi. Idan ɗaki ɗaya za ku kama don rage kuɗi, ka ware rigar da kake fita sha da ita ka rataye ta nesa da gadonsa, ka wanke hannu da baki kafin ka dawo kusa da shi, idan kuma da hali kowa ya kama ɗakinsa.